Safar da Yaya Ya Gyara

Yayana mai faci ne. Rumfarsa tana bakin babbar hanya, daidai inda manyan motoci ke rage gudu saboda kwana, kuma tun ina 'yar firamare nake kai masa abinci a wurin. Yanzu ni da furfura shi da furfura, rumfar ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Ga injin iska da sai ya yi tari kafin ya tashi, ga rabin duro cike da baƙin ruwa inda yake nutsa robar taya ya ga ta ina take kumfa, ga benci guda da zaman direbobi ya sa ya yi santsi. Warin sholishon da yake manna faci da shi ya zauna masa a jiki, ko ya yi wanka ya sa turare sai ka ji shi daga ƙasa.

Mutum ne marar magana. In ka gaishe shi zai amsa, in ka tsaya jiran ƙari ka ɓata lokacinka. Abin da ke tayar masa da hankali a duniya guda ne, ya ga abu yana lilo. Noti ne, marfin tukunya ne, igiyar shanya ce, ba ya iya wucewa sai ya tsaya ya ɗaure. Kuma da roba yake ɗaurewa, wadda yake yankowa siri-siri daga tsofaffin robobin cikin taya. Hannun butarmu da roba yake, famfon tsakar gida mai ɗiga da roba, har ƙafar tabaransa. Matarsa takan ce ranar da ta yi sake ta yi gyangyaɗi a gabansa, za ta farka ta tarar an naɗe mata wuya. Ba ya dariya, amma kunnensa kan motsa, mu kuwa mun san dariyarsa ke nan.

Na dawo gidansa bayan rasuwar mijina, ya ba ni ɗakin da ke kusa da ƙofa bai tambaye ni komai ba. Ina aiki a gidan burodi, ina zuba burodi a leda, a tsaye tun safe har la'asar. Na faɗi wannan ne don a san ni ma na san ciwon ƙafa, ba labari aka ba ni ba.

'Ya'yansa sun watse, kowa ya kama gabansa, sai autar, wadda muke kira Tsinke saboda ƙafafunta. Tun tana ƙarama in aka aike ta sayen mai ba ta tafiya, gudu take yi, ta dawo da rabin man a kwalba rabi a riga. A makaranta wani malami ya ga abin da mu muke yi wa faɗa ya ce baiwa ce, ya haɗa ta da koci. Ba gudun tsere na nan da can take yi ba, na dogon zango ne, wanda ake fita gari a zagayo ana haki har mai kallo ya gaji ya tafi gida. Uwarta ta yi ta mita, ni ma na taya ta. Yaya bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Sai dai muka wayi gari ya gyara tsohon kekensa, ya ɗaure gorar ruwa a bayansa, kuma kullum da sassafe yana bin yarinyar a baya kafin ya buɗe rumfa.

Shi ne makaniken ƙafafun nan. In ta dawo ta zauna a dakali, shi zai cire mata takalmi, ya juya tafin ƙafar yana dubawa kamar yadda yake duba taya. Shi ke fasa mata bororo da allurar da ya ƙona, shi ke yanke farcen da ya yi baƙi. Na taɓa ce masa, "Yaya, yarinya ta girma fa." Ya ce, "Ƙafa ce," ya ci gaba da abin da yake yi.

Safar ta shigo gidanmu ne ta hannun koci. Doguwa ce baƙa, har ƙasan gwiwa, ga ta ƙarama kamar ta ɗan yaye, sai an yi kokawa take shiga. Na ɗaga ta na ce wannan ai azaba ce aka saka da zare. Kocin, mutum mai haƙuri da tsofaffi, ya zauna ya yi mana bayani. Ya ce in mutum ya yi dogon gudu jini da ruwa kan taru a ƙasa, ƙafa ta kumbura ta yi nauyi, safar kuwa tana matse ta ne ta taimaka a kora su sama. Ya ce a lokacin gudun ma tana riƙe naman sha-raɓa kada ya yi ta girgiza, amma babban amfaninta bayan an gama ne, don tsamin washegari ya yi sauƙi. Yaya yana gefe yana jinjina kai. A duk rayuwarsa ban taɓa ganin maganar da ta shige shi haka ba. An zo har gida an gaya masa cewa matsewa magani ce.

Gaskiya kuma safar ta yi aikinta. Da, in Tsinke ta yi dogon gudu, washegari da baya-baya take sauka daga dakali tana cije baki. Bayan ta fara sa ta, sai ta tashi ta yi shara har da waƙa. Ni da na yi mata ba'a, wata rana na sace ta na sa zuwa gidan burodi. Da la'asar na dawo na ga idon sawuna a fili, abin da na yi shekaru ban gani ba. Ban gaya wa kowa ba, amma Tsinke ta gane, don ta ji warin yis a jikinta.

Matar Yaya mace ce mai tsabta har ta wuce misali. Ba ta yarda abu ya wanku ba sai ya sha ruwan zafi, an murɗe shi, an shanya a tsakiyar rana. Haka ta yi ta yi wa safar. A hankali bakinta na sama ya saki, in Tsinke tana gudu sai ya rinƙa zamewa yana taruwa a ƙwauri, ta tsaya ta ja, ta ci gaba, ta sake tsayawa. Yaya kuwa yana baya a keke yana kallo. Wanda ya san shi ya san abin da hakan ke yi masa.

Ana gab da babbar gasar da za a yi a wani gari mai nisa, wadda daga ita ake zaɓar waɗanda za a kai sansanin horo, ya ɗauki safar ya tafi da ita rumfa. Ya yanko roba daga ta babur, mai laushi, ya kankare gefenta don kada ta yanki fata. Ya naɗe bakin safar a kanta, ya bi da zaren ɗinkin takalmi, ɗinki ƙanana a jere da ko tela sai ya yaba. Ta hagu ta fi zamewa, don haka ya ƙara mata ja. Da yamma ya kawo ya ce ta gwada.

"Ta kama?"

"Ta kama, Baba."

"Ba ta yi yawa ba?"

"Daidai ce."

Daga baya ne ta gaya mini tun a lokacin ta ji kamar an sa mata tarko. Na ce don me ba ki faɗa ba? Ta ce, "Goggo, ba ki ga fuskarsa ba ne?"

Ta yi gudun ba da safar ba, saboda zafin garin, kuma ta yi abin kirki, sunanta ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa. Da za su juyo koci ya ce kowa ya sa safarsa, tafiyar mota bayan gudu ita ke kumbura ƙafa. Ta sa. Motar a cunkushe take, jaka a ƙarƙashin ƙafa, gwiwarta ta hagu manne da ƙarfen kujerar gaba. Gajiya ta ɗauke ta, ta yi barci kusan yini guda ba ta motsa ba.

Muna ƙofar gida muna jira da suka iso. Ta sauko daga mota tana murmushi, ta yi taku biyu, ta yi tuntuɓe a fili inda babu ko tsakuwa. Muka kwashe da dariya. Uwarta ta ce ga zakaran gudu ta kasa tafiya. Ita ma ta yi dariya, ta ce ƙafar ce ta sage, yanzu za ta sake.

Washegari silifa ya ƙi zama a ƙafar. In ta ɗaga, yatsun sai su rataye ƙasa, dole ta ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake ruwa, sannan tafin ya faɗi ƙasa, fat. Muka yi abin da kowa ke yi. Aka gasa da ruwan ɗumi, aka shafa man zafi, aka ce gajiya ce. Yaya ya yi ta murzawa safe da yamma. Da kwanaki suka ja ba canji, koci ya ce a je asibiti, kuma a tafi da duk abin da ta sa a ranar.

Yaya ya sa fararen kayansa, ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da ko ranar da aka sallamo matarsa daga haihuwa bai yi ba. Muka tafi har da uwarta. Likitar mace ce, ba ta kai ƙanwata a shekaru ba. Ta sa Tsinke ta rufe ido, ta rinƙa taɓa ƙafar da auduga. A tafi tana ji, a diddige tana ji. A bayan ƙafa da gefen ƙwauri, shiru. Ta ce ta ɗaga babban yatsa. Muka zuba wa yatsan ido mu huɗu, bai motsa ba.

Sai ta buɗe ledar da muka zo da ita. Ta duba takalmi ta ajiye. Ta ɗauki safar, ta ja bakinta, ta tsaya. Ta juya shi ciki waje, ga baƙar roba, ga ɗinki a jere.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Ni ce," in ji Tsinke, tun kafin likitar ta rufe baki.

Likitar ta nuna mana wani ɗan ƙashi a gefen gwiwa ta waje. Ta ce akwai jijiyar da ke zagaye shi, ita ke ɗaga ƙafa, kuma a wurin babu nama a kanta sai fata, balle ga mai jiki irin na Tsinke. Ta ce safar nan an saka ta ne ta fi matsewa a idon sawu, tana hawa tana sassautawa, shi ya sa take kora jini sama. In aka matse ta a baki an juya aikinta ke nan, ta zama ɗauri. Sannan ta juya kan yarinyar ta yi mata faɗa sosai, ta ce 'yar wasa kamarki, mai koci, ki rasa wanda za ki tambaya? Tsinke ta sunkuyar da kai tana cewa a yi haƙuri.

Na dubi Yaya. Yana kallon wani hoton ƙasusuwa a bango, hannayensa a kan gwiwa. Na jira ya yi magana, bai yi ba. Uwar ta tambaya ko za ta dawo. Likitar ta ce wasu tana dawowa cikin watanni, wasu ta fi haka, wasu kuma ba ta dawowa duka, ba wanda zai iya rantsuwa tun yanzu. A bakin asibiti Yaya ya ce, "Ku wuce, zan leƙa rumfa." Da fararen kayan ya yi aiki ranar, ya dawo da su baƙi ƙirin.

Daga nan gidan ya yi wani iri. Ba a yi faɗa ba, ba a yi kuka mai ƙarfi ba, ba wanda ya ambaci safar. Matarsa ta san ɗinkin mijinta, shi ya san wankin matarsa, yarinya ta riga ta ce ita ce, sai kowa ya bar maganar a inda ta faɗi. Ana dafa abinci ana ci. Ni dai na so in ji haushi, don na fi sabawa da shi, amma na laluba cikina ban tarar da komai ba. Ina zuwa aiki, ina zuba burodi a leda, ina ƙullewa, ina turawa. Abokan aikina suka ce na yi sanyi, na ce tsufa ne.

Yaya ya daina taɓa ƙafar. Yana fita kafin ta tashi, yana dawowa ya wuce ɗaki. In ta gaishe shi yana amsawa da kyau, har ya fi da, amma idonsa ba ya sauka ƙasa da kafaɗarta. Keken yana jingine a zaure har tayarsa ta sace, mai faci yana wuce shi safe da yamma. In tana ratsa tsakar gida ana jin takun, ɗaya shiru ɗaya fat, sai in ga ya tsayar da loma a hannu har ta shige.

Lokacin shiga sansani ya zo ya wuce. Koci ya zo ya zauna a dakali, ya sha ruwa, ya yi ta juya kofin. Ya ce ya roƙa a riƙe mata gurbin, an ce ba a riƙewa, an ba wata. Tsinke ta ce Allah ya sa alheri, ta tambayi wace ce, da ya faɗa ta ce ai ta cancanta. Bayan ya tafi ta ɗauko tsintsiya ta share inda ba datti.

Ni ke raka ta sashen gashin ƙashi. Matar da ke duba ta ba ta da ɓoye-ɓoye. Ta ba ta wani takalmin roba mai riƙe ƙafar kada ta rataya, sannan ta ce mana, jijiya ba a hannunku take ba, sai dai jira, amma agara a hannunku take. Ƙafar da ba ta ɗagawa, agararta gajarta take yi. In ba a tura ta sama kullum da ƙarfi an riƙe ba, idon sawun zai ƙage, ko jijiyar ta farfaɗo ba za ta sami abin ɗagawa ba. Ta nuna mana yadda ake yi, diddige a tafin hannu, tafin ƙafa a jikin damtse, a tura a riƙe.

A gida uwar ta gwada, da ta ji yarinyar ta ja numfashi sai ta saki ta fashe da kuka. Tsinke tana ja da tawul da kanta, amma ba ya kaiwa. Ni na karɓa. To agarar mai gudu ba ta wasa ba ce, kamar wayar birki take, ni kuwa yatsuna sun gama ƙarewa a ƙullin leda. Ina turawa har in yi gumi, ƙafar tana kallona. Da muka koma, matar ta kama ƙafar ta tura, ta dube ni. Ta ce, "Mama, ta fara ƙagewa. Babu namiji a gidan ne?"

Ranar na tare Yaya a zaure kafin ya shige.

"Yaya, ƙafar yarinyar nan tana ƙagewa."

"Na ji."

"Ka ji. To sai me? Hannunka ake nema."

Ya ɗaga hannayen ya dube su kamar wani ne ya ba shi ajiya. Ya ce, "Wannan ya yi nasa. Ya isa."

A nan haushin da na yi ta nema ya zo. Na ce masa yarinya ta ɗauke maka kaya a gaban likita, ka tsaya kana kallon bango, yanzu kuma za ka bar ta ta gurgunce don kai kana jin kunyar hannunka? Na ce wannan ba nadama ba ce, son kai ne. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba, ga wanda ya ba ni ɗaki bai tambaye ni komai ba. Ya tsaya har na gama, ya ce, "Kin gama?" Na ce na gama. Ya shige. Ashe Tsinke tana bayan ƙofa, na gane ne da na ji takun yana komawa.

Washegari ba ni da aiki. Da rana na zuba abincinsa a kwano zan kai, sai ta ce za ta raka ni. Tun da abin ya faru ba ta taka bakin hanyar nan ba, don duk masu shagunan sun saba ganinta tana wucewa kamar iska. Muka tafi a hankali. Mai shayi ya ɗaga hannu zai yi mata kirarin da ya saba, ya ga tafiyar, ya mayar da hannun kan butarsa.

Mun tarar da Yaya a tsugune kan wata ƙatuwar taya, ya sa ƙarfen liba yana ɓamɓare ta, direban yana tsaye a kansa yana duba agogo. Tsinke ba ta yi sallama da ƙarfi ba. Ta zauna a benci, ta kwance takalmin robar, ta ajiye a gefe. Ta sa hannu biyu ta ɗago ƙafar, ta ɗora diddigen a kan gwiwarsa, a kan baƙin man da ke wandonsa.

"Baba, Goggo ba ta da ƙarfi."

Direban ya ce, "Malam, ina sauri fa." Ba wanda ya dube shi.

Yaya ya ajiye liba. Ya jawo tsumma ya goge hannunsa, ya juya tsumman ya sake gogewa, yatsa bayan yatsa, har na ɗauka ba zai gama ba. Sannan ya tallabi diddigen. Ban nuna masa yadda ake yi ba, ita ta gyara masa damtsen. Ya tura kaɗan.

"Ƙara," in ji ta.

Ya ƙara. Na ga agarar ta miƙe, na ga ta damƙe bakin benci.

"Da zafi?"

"Da zafi sosai. Kar ka saki."

Bai saki ba. Motoci suna rage gudu a kwana suna wucewa, direban ya gaji ya zauna a kan tayarsa. Can Yaya ya ɗora babban yatsansa a bayan ƙafar, tsakanin yatsu da idon sawu, ya danna a hankali. Sannan ya tambaye ta.

"Nan fa?"

Ta dubi yatsan nasa, ta dube shi.

"Nan ba na jin komai, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya sassauta ƙafar ta huta, ya gyara zama, ya sake turawa.